Askar Malam Idrissa a Bangon Gidan Giya

Sai da hoton ya gama zagaya wayoyin Bronx sannan ya iso hannun Fatsuma. A zauren WhatsApp na masallacinsu aka fara saka shi, ya tsallaka zauren matan unguwa, ya faɗa na 'yan Dogon Dutsi mazauna Amurka. Kowa ya gani sai ya rubuta "Allah ya kyauta" ya tura gaba. Wani bawan Allah ma, don kada addu'a ta ɓace hanya, ya ƙara bayani a ƙasa: Malam Idrissa ne na Canal Street, mazaunin University Heights, ga kuma adireshin inda bangon yake. Haka mutanenmu suke. Gobara na cin gidan mutum, su kuwa suna yi mata fifita da jaje.

Fuskar mahaifinta ce. An zana ta a bangon wani gidan giya a Bushwick, can cikin Brooklyn, tun daga ƙasa har rufin bene. A hannunsa an zana jakar mata, irin ta jabu da ake shimfiɗawa a bakin titi.

Shari'ar takardunsa tana gaban alƙalin shige da fice, ranar zama kuma ta matso. Tun da aka kai samame Canal Street, inda yake kasa kayansa, lauyansa ya ja masa kunne: kada ya sake taka wurin, kada ya shiga hoton kowa, domin duk abin da ya haɗa sunansa da kayan jabu zai iya rusa shari'ar, a sa shi a jirgi a mayar da shi gida. Tun daga lokacin bai fita sai Juma'a, ita ma da takunkumi a fuska.

Ta same shi a falo ranar Asabar da hantsi yana shan shayi. Ta miƙa masa wayar.

"Na gani, Inna," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Bango ne. Ruwa za shi wanke shi."

"Fentin Amurka ne, Baba, ba farar ƙasa ba. Wa ya ɗauke ka hoto?"

"Wata yarinya ta, bara. Ta gaishe ni da Hausa. Wanda ya gaishe ka da harshenka cikin ƙasag ga, ka ce mishi a'a?"

"Sai a ce masa a'a da Hausa."

Ya yi murmushi ya hura shayinsa. "Dattawa sun ce a bar wa Allah. In aka yi hayaniya, sannan ne ido za shi zo kanmu."

"Dattawan da suka rubuta unguwarmu a ƙarƙashin hoton? Ido ya riga ya zo. Zan je in ga mai zanen."

"Gidan giya? Ke? Kada ki tahi."

Ta riga ta ɗauki jakarta. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, a Amurka aka haife ta, kuma ta gaji da ganin manya suna kiran tsoro da sunan haƙuri. Ta durƙusa ta ce ya yafe mata, ta fita.

Zafin ranta ya raka ta har canjin jirgin ƙasa a Manhattan. Daga nan ya fara hucewa, tsoro ya maye gurbinsa. In mai zanen ta ƙi fa? In ta fusata ta saka labarin a intanet, ta ce ga Musulmi sun zo hana ta aikinta? Fatsuma ta dubi mutanen da ke cikin taragon ɗaya bayan ɗaya, tana tunanin wane ne cikinsu ya taɓa tsayawa gaban bangon nan.

Da ta fito daga tashar ƙarƙashin ƙasa sai ta ga unguwa ce ta tsoffin masana'antu. Gine-ginen jan bulo ne masu faɗi, da ƙofofin ƙarfe na shigar manyan motoci, da bututun hayaƙin da suka daina hayaƙi. Amma babu bangon da aka bari tsirara. Nan wata damisa shuɗiya ta buɗe baki, can wata tsohuwa mai idanu uku tana kallon titi, gaba kaɗan rubutu ne murɗaɗɗe wanda ba ya karantuwa. Iska na ɗauke da warin jiƙaƙƙen hatsi mai tsami. Matasa sun cika bencina a bakin titi, kowa da kofin gilashi, karnukansu kwance ƙarƙashin tebur. Wani mutum mai riƙe da 'yar tuta yana jan ayarin 'yan yawon buɗe ido daga bango zuwa bango, yana yi musu bayani.

Ita kaɗai ce mai hijabi a layin. Wani mai kai abinci a kan keken lantarki ya rage gudu ya dube ta, baƙi ne siriri mai kama da mutanen gida. Ta kawar da kai. A kusurwa akwai wata baƙar mota mai duhun gilashi, injinta na aiki, ba wanda ya fito. Ta tsallaka ɗaya gefen.

Tana karya kwana ta yi ido huɗu da shi.

A waya abin ƙarami ne. A nan kuwa idonsa ɗaya ya fi ƙofar ɗakinsu girma. An canza hular, an ɗan faɗaɗa hancin, an sa masa furfurar da bai da ita. Amma ga askar nan: tsaga biyu-biyu daga gefen baki zuwa kunne, ta Arawa, an fito da ita da ruwan zinariya. Har da inda ta hagu ta karkace, wurin da hannun wanzami ya goce yana jariri. Fatsuma ta san karkatar nan tun tana 'yar mitsitsiya tana bin ta da yatsa. Yanzu ga ta a sararin Allah, mutane suna juya mata baya suna ɗaukar kansu hoto.

Ƙofar gidan giyar tana daidai ƙarƙashin gemunsa. Ta yi a'uziyya ta shiga.

Ciki kamar rumbun ajiya, ga manyan tukwanen ƙarfe masu sheƙi sun kai rufi, ga kiɗa, ga hayaniya. Wani mai jan gemu a bayan kanta ya yi mata fara'a, ya fara lissafa mata irin giyar da suka dafa da kansu a makon, wata da zuma, wata da ɓawon lemo.

"Ba sha na zo yi ba," ta ce da Turanci. "Wadda ta zana bangon waje nake nema."

"Adjoa? Kin yi sa'a, tana tsakar gida ta baya."

Adjoa doguwa ce, wandonta duk ɗigon fenti, tana tsugune tana jera gwangwanayen fesawa. Da ta ji abin da ya kawo Fatsuma sai ta yi tsalle ta miƙe.

"Ke 'yarsa ce? Kai! Sannu, sannu da zuwa!" Iyakar Hausarta ke nan, ta kakarta ta zangon Kumasi. Ta koma Turanci. "Na koma Canal Street ina nemansa in nuna masa, ban gan shi ba. Yana lafiya?"

"Yana ɓoye a gida. Saboda irin wannan."

Ta yi mata bayanin shari'ar, da lauyan, da jakar. Ta so ta yi magana a tsanake kamar yadda ta tsara a jirgi, amma muryarta ta ƙi, tana hawa tana rawa. Fara'ar Adjoa ta ɗauke.

"Don girmamawa na yi," in ji ta. "Bayan samamen nan kowa ya yi shiru. Na ce bari in sa ɗaya daga cikinsu inda ba mai iya kawar da kai. Kuma ai na canza fuskar. Hanci, hula, gemu. Ba wanda zai gane shi."

"Kin bar askar."

"Ita ce kyan zanen gaba ɗaya."

"Ita ce sunansa. A garinsu kafin mutum ya buɗe baki an san daga ina yake, an san gidansu. Maza nawa kika gani a New York da irin ta? Da wannan karkatar? Kin canza masa hula, kin bar masa katin shaida."

Adjoa ta share hannunta a wando, ta sake sharewa. "Ban sani ba. Kakata ma tana da tsaga, ban taɓa tambaya ba." Ta dubi ƙofa. "Bangon na mai gidan ne, sai na yi masa magana. Ki ba ni zuwa mako mai zuwa."

"Ba mu da mako mai zuwa."

Sai tafi ya tashi a waje, da shewa. Mai jan gemun ya leƙo yana dariya. "Adjoa, zo ki gani! Mutumin bangonki ya zo da kansa!"

Fatsuma ba ta san yadda ta ratsa tebura ba.

Yana tsaye a bakin ƙofa, bai shiga ba, don ko da wuƙa a wuya ba zai taka gidan giya ba. Ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, da ƙunshin kilishi a hannu. Takunkumin yana lilo a yatsansa. Ya cire shi, domin a inda ya taso babba ba ya zuwa ba da haƙuri da rufaffiyar fuska, wannan sai ɓarawo. Ga shi nan kuwa daidai ƙarƙashin fuskarsa, ƙaramar aska a ƙasa, babba a sama, ayarin mai tuta sun yi masa zobe, wayoyi sun tashi sama kamar zangarniyar gero.

"Shi ne! Dubi kumatunsa!"

"Yallaɓai, ɗan juyo nan!"

Shi kuwa yana juyowa. Yana ɗaga hannu, yana cewa "tankiyu, tankiyu," yana murmushin da yake yi wa duk wanda ya tsaya gaban kayansa. Wata dattijuwa ta matso ta tsaya gefensa, mijinta na ɗauka. Bai iya ce mata ta matsa ba. Gumi ne kawai ke tsattsafo masa a goshi, idanunsa na neman mafita.

"Baba!"

"Yauwa, Inna. Ina yarinyar? Na san halinki, na ce kafin ki zage ta bari in zo in ba ta haƙuri. Ba a rama alheri da..."

"Sa takunkumin! Baba, don Allah sa!"

Ta shiga gabansa ta buɗe hijabinta da hannu biyu ta kare shi. Ta juya ga taron. Abin da ya fito bakinta ba roƙo ba ne, ihu ne. Ta ce su sauke wayoyinsu, su goge, mutum ne ba gunki ba. Taron ya ja baya. Wani ya ce ai titin gwamnati ne, yana da 'yancin ɗaukar abin da ya ga dama. Wata ta ce a kira 'yan sanda, kamar yarinyar nan ba ta da lafiya.

'Yan sanda. Kalmar ta daki Fatsuma a ƙirji. Ta ji hannun mahaifinta ya damƙi bayan hijabinta. Ta saci kallon kusurwa: baƙar motar tana nan, gilashinta ya ɗan sauka.

Adjoa ce ta hau kan benci ta sa yatsu a baki ta yi fito.

"Ni na zana wannan bango," ta ce. "Na ɗauki fuskar dattijon nan ban gaya masa abin da zan yi da ita ba. Hotonsa zai iya jawo masa bala'in da ba ku da labari. Wanda ya ji daɗin aikina ya goge, yanzu, a gabana."

Abin da Fatsuma ta faɗa ne, amma daga bakin mai zane sai ya zama magana. Aka fara sunkuyar da kai ana latsa waya. Dattijuwar nan ta goge nata har da hawaye. Fatsuma ta bi su ɗaya-ɗaya tana dubawa, tana sa su shiga kwandon shara na wayar su sake gogewa, ba ta damu da harara ba. Wasu biyu sun riga sun sulale sun karya kwana. Na ƙarshe wani saurayi ne mai 'yan kunne, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ni kai tsaye nake watsawa," in ji shi. "Na katse dai. Zan cire shi daga shafina."

"Mutum nawa suka gani?"

Ya nuna mata. Ta dubi adadin, ya fi ƙarfin gogewa. A ƙasa wani ya riga ya rubuta cewa ya san mutumin, ya taɓa sayen jaka a hannunsa.

Ƙofar baƙar motar ta buɗe. Fatsuma ta daina numfashi. Wata mata ta fito da jariri a kafaɗa tana jijjiga shi, ta shiga shagon burodi. Numfashin ya dawo.

Ta ja mahaifinta suka tsallaka titi, ta shigar da shi lungun wata tsohuwar ƙofar gareji inda ba a hango shi sosai. Ya sa takunkumin, ya ja hularsa ƙasa. Ƙunshin kilishin yana hannunsa har yanzu.

"Ba ta karɓa ba," ya ce.

"Baba, ka hau jirgi biyu. Kai kaɗai."

"To mi zan yi? In zauna ɗiyata tana gidan giya tana hwaɗa da sunana?"

Da ba ta fito ba, da bai fito ba. Da kuma ba ta fito ba, da bangon na nan har ranar shari'a, dattawa na tura shi daga waya zuwa waya. Ta rasa wanda za ta ji haushi, sai ta ji haushin kowa.

Adjoa ba ta jira mai gidan ba. Ta turo injin ɗaga mutum da take aiki da shi, ta hau da bokitin fenti. Mai jan gemun ya fito yana ɗaga hannuwa yana magana a waya, ba ta ko dube shi ba. Ta fara da jakar, ta shafe ta da baƙi. Sannan injin ya ƙara sama, ya tsaya daidai kumatun hagu. Ta haɗa launin fatar, ta ɗora burushi a kan tsagar farko.

Malam Idrissa ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro.

"Ta iya aiki," ya ce a hankali. "Ko hoto bai taɓa hiddo ta haka ba." Ya bi burushin da ido. "Ni ne na ƙarshe da aka yi wa a gidanmu. Ƙannena duk ba su da ita."

Fatsuma ta kalli zinariyar tana nutsewa cikin launin ƙasa, tsaga bayan tsaga, har fuskar ta koma ta wani dattijo da ba ɗan kowa ba. Adjoa ta juyo daga sama ta ɗora hannu a ƙirji. Shi ma ya ɗora nasa. Ya ba Fatsuma kilishin, ta tsallaka ta ajiye a gindin injin ta dawo da gudu.

Ta ƙi yarda su koma ta jirgi. Ta kira mota ta waya, ta duba sunan direban ta tabbatar ba ɗan gida ba ne. Suna hawa babbar hanya ta fito da lambar lauyan.

"Kada ki gaya mishi," in ji mahaifinta. "An share, ya wuce. Mi za a tona?"

"Gara ya ji daga bakinmu da ya ji a gaban alƙali."

"Za shi ce ban ji maganarshi ba."

"Ai ba ka ji ba, Baba."

Ta kira. Ta faɗa masa komai, bangon, jakar, taron, saurayin mai 'yan kunne, da wanda ya rubuta cewa ya taɓa saye. Tana jin ƙarar yara a bayan lauyan. Ya tambaya ko an ambaci sunan mahaifinta a bidiyon. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce ta nemo duk abin da za ta iya samu ta aiko masa, su zo ofis ranar Litinin da sassafe, kuma kafin nan ko shara kada mahaifinta ya fitar. Ta tambaye shi ko shari'ar ta lalace. Ya ba ta amsa, ya kashe.

Motar ta hau gada. Mahaifinta yana kallon ruwa, yatsunsa a kan takunkumin, daidai kumatun hagu.

"Mi ya ce?"

Ta san amsar da yake so. Kalma biyu ce, "ba komai," kowa a unguwarsu ya iya ta, da ita ake rufe kowace magana a kwanta. Ta dubi idanunsa a saman takunkumin, sun yi ja.

"Ya ce bai sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Wata mota mai jiniya ta taso a bayansu, su biyun suka nutse cikin kujera, ba wanda ya waiwaya har ta wuce.